Proton, manhajar wasannin kwamfuta a Linux

Proton manhaja ce da kamfanin Valve na Amurka ya fitar a watan Agusta na 2018, da haɗin gwiwar kamfanin CodeWeavers, domin wasannin da aka tsara wa Windows su yi aiki a kan Linux, babbar manhajar sarrafa kwamfuta da kowa ke da damar dubawa da gyara tushenta. Ana samun ta a cikin Steam, kasuwar wasanni ta Valve.

An gina ta a kan Wine, aikin da aka faro tun 1993 domin manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux. Aikin Proton irin na tafinta ne: idan wasa ya nemi wani abu da harshen Windows, nan take sai ta juya buƙatar zuwa abin da Linux ke ganewa. Wajen hotuna nauyin ya fi yawa. A cikin Proton, manhajar DXVK ke mayar da umarnin hotuna na Windows, wato Direct3D 9 zuwa 11, ya koma Vulkan da Linux ke ganewa, manhajar VKD3D-Proton kuma ta ɗauki na Direct3D 12.

Kafin zuwanta, mai Linux sai dai ya yi fama da Wine da kansa, ko ya jira kamfani ya ga dama ya sake gina masa wasa, kuma ba kasafai ake yi ba. Proton ta kawo sauƙi ƙwarai, kuma da ita Steam Deck, na'urar wasa ta hannu da ta fito a 2022, ke gudanar da dubban wasannin Windows.

Babban cikas ɗin da ya rage shi ne manhajojin hana maguɗi. Saboda su, wasannin gasa irin su Valorant da Fortnite ba sa buɗewa a Linux.