Kifin Ƙanƙara a Sakkwato: Inda Doka ke Tsayawa

Ƙa'idar da Hukumar Codex ta duniya ta shimfiɗa ita ce a riƙe daskararren abinci a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, tun daga masana'anta har zuwa wurin mai sayarwa. A Najeriya, NAFDAC da aka kafa a 1993 ce ke da hurumin sa ido kan shigo da shi da rarraba shi, kwastan kuma na tsare dokar da ta haramta shigo da daskararrun kaji daga waje. A takarda dai babu laifi.

Amma kifin da aka sauke a Apapa sai ya ci kusan kilomita 1,000 kafin ya iso Sakkwato, garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ko motar sanyi ta kawo shi lafiya, aiki bai ƙare ba. Daga ɗakin sanyi kwali kan hau Keke Napep zuwa Babbar Kasuwa, ya yini bisa tebur, abin da ya yi kwantai a mayar da shi firiza da dare, in an samu wuta. A nan ɓarnar take. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, hana su yaɗuwa kawai yake yi. Da kifi ya narke sai su ci gaba. Kifin Titus ma in ya sha zafi yakan tara gubar histamin, wadda suya ko tafasa ba sa kawar da ita. Alamun kifin da ya narke aka sake daskarar da shi a fili suke: kwali ya jiƙe ya lotse, ƙanƙara mai jini ta dunƙule a gindinsa, in ka danna tsokar da yatsa gurbin ba ya ciko.

Wa ke da alhakin wannan zango na ƙarshe? Tsarin mulkin 1999 ya damƙa kula da kasuwanni da shaguna ga ƙananan hukumomi, ke nan aikin duba-gari ne. A ganina nan ne dokar ta fi rauni. Jami'in da ba ya riƙe da ma'aunin sanyi, ido da hanci kaɗai zai dogara da su, alhali histamin kan taru kafin wari ya fito. Shi ma ɗan kasuwar kuɗin dizal ne ke sa shi kashe janareta, don haka tara kaɗai ba za ta gyara ba.

Ya kamata ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu su ɗaure lasisin ɗakin sanyi da rubuta ma'aunin sanyi kullum, gwamnatin jiha kuma ta tallafa da firizoji masu aiki da hasken rana.