Tabanni da Dajin Birnin Gwari: Yadda Mafaka Ta Koma Abin Gudu

Wannan makon gida za mu leƙa.

Duk wanda ya nemi sunan Birnin Gwari a intanet yau, abin da zai fara cin karo da shi shi ne adadi: mutum nawa aka kashe, nawa aka sace, nawa aka biya. Mu da muka tashi a wannan ƙasa abin yana yi mana ciwo, domin kafin ta zama kanun labarai ƙasa ce mai tarihi, mai damina, mai kasuwa. Tabanni ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, tana ɓangaren gabas tare da su Kuyello, Kutemeshi da Kazage. Ba za a fahimci ƙaramin gari irin wannan ba sai an fahimci dajin da duwatsun da suka kewaye shi.

Ƙasar Birnin Gwari faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun ɗan haura 250,000. Wato fili da yawa, mutane kaɗan. Tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, kuma dajinta bai san iyakar jiha ba: Kamuku a nan, Kuyambana a can Zamfara, duk a haɗe suke. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, ga duwatsu a warwatse, wasu sulɓaɓɓu kamar an kifa ƙwarya, ga rafuka da ke kwarara zuwa kogin Mariga.

Damina kan sauka wajen watan Mayu ta kai Oktoba, ta fi ta Katsina da Sakkwato tsawo da nauyi. A watan Agusta ciyawa kan shanye mutum a tsaye, rafin da yaro ke tsallakewa da rani ya hana babbar mota wucewa, ƙauye ya yi kwanaki a yanke. Daga Disamba hunturu ya shigo da hazo da sanyin asuba, a ƙone daji, a ga nesa. Sai bazara a Maris da Afrilu, lokacin sharar gona. Wanda zai rubuta labari a wannan ƙasa ya riƙe wannan sosai, don tafiyar wuni ɗaya da rani tana iya zama ta kwana uku da damina. Mun sha karanta littattafan da jarumi ke ratsa daji a watan Agusta kamar yana yawo a Kantin Kwari.

Sunan garin ya nuna su wa aka tarar: Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da maƙwabtansu Kamukawa. Kafin jihadin 1804 wannan yanki yana cikin ƙasashen kudu da ke bin Katsina, shi ya sa har gobe ake jin Katsinanci a harshe da sarautu. Bayan jihadi, Birnin Gwari ba ta zama masarautar da aka ba wa tuta ba; ta riƙe kanta a cikin dajinta. Baturen nan Clapperton ya bi ta garin a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Zariya da Kano, abin da ke nuna cewa ba lungu ba ne a lokacin, hanyar fatake ce tsakanin ƙasar Nufe da ƙasar Hausa.

Rabin ƙarshe na ƙarni na 19 shi ne lokacin wuya. Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, ɗansa Ibrahim ya gaje shi a harkar yaƙi, hare-haren neman bayi suka addabi ƙasashen Gwari da Kamuku har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. A nan ne duwatsu suka yi rana. Doki ba ya hawa sulɓin dutse, mahayi kuma ba ya son kurmin da ba ya ganin gabansa. Mutane suka riƙa kafa gari a gindin dutse ko a kansa, su yi ganuwa, su sauko su yi noma da rana, ido na kan hanya. Daji shi ne garkuwar talaka, maharbi kuma shi ne mai gadin gari.

Da Turawa suka zo aka daina harin bayi, sai mutane suka fara saukowa suna bin ƙasa mai kyau da bakin hanya. Birnin Gwari ta kasance cikin gundumomi masu zaman kansu a Lardin Zariya, wato ba ta ƙarƙashin Sarkin Zazzau. A shekarun 1930 aka yi rububin haƙar zinariya a yankin, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya rage masa ƙarfi. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'e; shi ne ya zama gandun ƙasa a 1999, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, inda a da ake ganin giwaye. Ita kanta fadar sarki ta bar tsohon mazauninta ta koma bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Legas, shi ya sa muke da Tsohuwar Birnin Gwari a gabas. Wannan ƙaura ta ja kwalta da asibiti da ofisoshi zuwa wani ɓangare, ta bar garuruwan gabas irin su Tabanni da nisa da hukuma. A ganinmu, wanda ke neman tushen matsalar yau ya fara dubawa daga nan.

Duk da haka an zauna, an yi arziki. Masara, dawa, shinkafa a fadama, wake, daga baya waken suya. Manyan motoci na ɗaukar hatsi zuwa Funtuwa da Kaduna. Aikin gayya na tara samari a gona ɗaya da kiɗa, mata na tsintar kaɗe su yi man kaɗe, su dafa kalwa su yi daddawa. Bafulatani ya sauka a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi. Rigima kan ɓarna ba ta rasa faruwa, amma mai unguwa da arɗo kan kashe ta a gindin bishiya. Kada mu yi ƙaryar cewa aljanna ce. Akwai zalunci a wasu shari'o'in, akwai burtalin da aka cinye da gona. Amma mutum kan kwana a bukkar gonarsa.

Sai abin ya juye. Satar shanu ta girma ta zama fashi, fashi ya zama satar mutane. A Oktoban 2012 aka kai hari Dogon Dawa da asuba aka kashe mutum kusan 20. A Mayun 2018 aka kashe aƙalla 45 a Gwaska. Daga baya 'yan Ansaru suka samu wurin zama a ɓangaren gabas, wajejen Damari. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, aka katse layukan waya na wani lokaci. Matakin da aka ɗauka don 'yan bindiga, amma manomi ma ya ɗanɗana kuɗarsa. Dajin da kakanninmu suka gudu cikinsa don tsira daga mahaya dawaki, daga cikinsa mahaya babura suke fitowa, jikoki kuma suna gudu zuwa bakin kwalta. Babur yana shiga inda doki bai shiga ba, kuma dutse ba ya kare mutum daga harsashi kamar yadda ya kare shi daga mashi.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, a masarautar Mai Martaba Malam Zubair Jibril Mai Gwari II, aka sanar da sulhu, aka sake buɗe karar shanu da ta daɗe a rufe. Motoci sun dawo hanya, wasu sun koma gonakinsu. Wasu kuma har yanzu zuciyarsu ba ta kwanta da sulhun ba, kuma ba ma ganin laifinsu.

Abin da ya fi damun mu a matsayinmu na masu alƙalami shi ne, tarihin garuruwa irin Tabanni ba a takarda yake ba, a bakin tsofaffi yake, kuma gudun hijira ya watsa su. Tsohon da zai nuna maka inda ganuwa ta bi da sandarsa, in ka same shi a ɗakin haya a Kaduna ko Funtuwa, sai dai ya kwatanta maka da baki. Wanda zai je gida da Sallah ya tafi da caji a wayarsa, ya durƙusa ya gaida Baba ko Iya, ya tambayi sunan dutsen da ke bayan gari da wanda ya fara sara a wurin, da jerin masu garin da suka iya tunawa, da shekarar da aka bar tsohon kufai.