Kukan Lasifika da Shari'ar da Ta Je Kotun Ƙolin Amurka Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa halartar taro a filin Polo na Katsina ya san wannan ƙarar: mai jawabi ya matso da makirfo kusa da lasifika, sai ta tsandara kuka, kowa ya toshe kunne. Sautin da ya fita ne ke komowa ta makirfo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, har na'urar ta koma haifar da nata sautin. In aka iya sarrafa wannan zagayen, an samu osileta ke nan, wato da'irar lantarki mai kaɗawa a kan mita ɗaya ba kuskure. Da bugunta wayarka ke kama layi, kuma a wayoyi da yawa ita ɗin dai GPS ke dogara da ita.

To wa ya gano ta? Nan fa ake yin ta.

Edwin Armstrong yana ɗalibi a Jami'ar Kolumbiya ya gano cewa mayar da wani ɓangare na siginar cikin audion, wata 'yar kwalba mai kama da ƙwan fitila, na ninka ƙarfinta sosai, in an ƙara kuma ta fara kaɗawa da kanta. Ya kai zanensa aka buga masa hatimin shaida a Janairun 1913, ya samu takardar haƙƙin ƙirƙira a Oktoban 1914.

Sai Lee de Forest, wanda ya ƙera audion ɗin, ya ce ai ya riga shi. Hujjarsa littafin ɗakin gwaji ne na Agustan 1912, inda aka rubuta cewa na'urar ta yi kuka. Injiniyoyi da dama na ganin a lokacin kukan damunsa kawai yake yi, neman yadda zai kashe shi yake. Jin kuka daban, sanin abin da ya haddasa shi daban.

Kotunan farko sun ba Armstrong gaskiya, amma a 1924 reshe ya juye da mujiya, De Forest ya samu nasa takardun. Ku lura da lissafin: haƙƙin Armstrong zai ƙare a 1931, na De Forest kuwa sai 1941. Manyan kamfanonin da ke cin moriyar fasahar, irin su AT&T da RCA, sun fi son wanda zai ƙara musu shekara goma suna karɓar kuɗi. Kotun Ƙoli ta goyi bayan De Forest a 1928, ta sake a 1934, a hukuncin da Mai Shari'a Benjamin Cardozo ya rubuta.

A wannan shekarar Armstrong ya je taron ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta IRE don ya mayar da lambar yabon da suka ba shi kan wannan aiki. Suka ƙi karɓa, zauren ya miƙe tsaye yana tafa masa.