Salon Zancen Maza da Mata a Wasannin Barkwanci na Talbijin a Nijeriya: Waiwaye a kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 1975 da Robin Lakoff ta fitar da littafinta Language and Woman's Place masana harshe ke muhawara a kan ko maza da mata sun bambanta a salon zance. Ita Lakoff tana ganin mata sun fi yawan sassauta magana da neman amincewar abokin hira. A 1990 kuma Deborah Tannen ta nuna cewa namiji kan yi zance don kafa matsayi, mace kuwa don ƙulla zumunci. Wannan maƙala za ta waiwayi wasannin barkwanci da aka nuna a talbijin a Nijeriya daga 1968 zuwa shekarun 1990, domin a ga irin bakin da aka bai wa kowane jinsi.

2.0 Wasannin Turanci

An buɗe tashar talbijin ta farko a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962. Wasan Village Headmaster, wanda Olusegun Olusola ya ƙirƙiro, ya fara a 1968, ya ci gaba har 1988. Ko da yake ba barkwanci ne zalla ba, daga cikinsa aka sami Amebo, matar da ba ta da aiki sai tsegumi cikin Turancin buroka. Sunan ya bar akwatin talbijin ya shiga bakin jama'a. Ko a tashar motar Jabi a Abuja mai kasa kunne zai ji ana jifan magulmaci da shi.

A wasan The New Masquerade na James Iroha, wanda Hukumar Talbijin ta Nijeriya ta yaɗa ko'ina cikin ƙasa a shekarun 1980, maza ne ke da dogon jawabi. Cif Zeburudaya, wato Chika Okpala, yakan zuba manyan kalmomin Turanci a karyayyen nahawu, yana tarar numfashin kowa. Matarsa Ovuleria ta tsaya ga buroka, gajeren zance mai kai tsaye, kuma sau da yawa ita ke sauko da shi ƙasa.

3.0 Wasannin Hausa

Irin wannan tsari ne ake gani a wasan Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya yi tashe daga Kaduna tun shekarun 1970. Pategi, da ya rasu a 2023, tsohon soja ne, don haka ya ɗora wasan a kan barikanci: Hausa da Turanci a cakuɗe, cikin tsawa da ba da umarni. Abin dariyar yana cikin tazarar da ke tsakanin girman muryar Samanja da raunin harshensa. Matarsa Bariki ita ce ma'aunin da mai kallo ke gane wannan tazara da shi.

Sai dai marubucin Hausa yana da kayan aikin da takwaransa na Turanci ba shi da su. Nahawun Hausa ya riga ya raba "ka" da "ki", "kai" da "ke", alhali Turanci na da wakilin suna guda ga abokin magana. Al'ada kuma ta tanadi alkunya, inda mace ke sakaya sunan miji da "Malam" ko "Maigida". Wadda aka hana ta fito-na-fito sai ta koma ga habaici da gugar zana, ta faɗi abin da take so ba tare da an kama ta da laifi ba.

4.0 Jinsi ko Matsayi?

Wasan Basi and Company na Ken Saro-Wiwa, a rabin ƙarshe na shekarun 1980, ya juya lamarin. Madam ce mai gidan haya, Basi ɗan haya ne da kuɗi ke gagara. Ita ke ba da umarni, shi ke lallashi da kewaye-kewaye. Wannan ya yi daidai da binciken O'Barr da Atkins na 1980 a kotunan Amurka, inda suka gano cewa abin da ake kira harshen mata harshen marar iko ne, ko namiji ko mace.

5.0 Kammalawa

Duk wasannin nan huɗu maza ne suka ƙirƙiro su. Saboda haka abin da muka ji daga bakin Amebo da Ovuleria da Bariki ya fi nuna yadda mazan zamanin suke jin zancen mata, bisa yadda matan ke zance a tsakar gida. Manazarcin da ya ɗauki rubutaccen wasa a matsayin hujjar maganar yau da kullum ya yi tuya ya manta da albasa. Wajibi ne a kwatanta shi da hirar da aka naɗa a kasuwa da gidan biki. Kafin nan, akwai buƙatar sassan harsunan jami'o'inmu su nemo faya-fayen waɗannan wasanni su adana, domin kowane faifai da ya lalace shaida ce ta tarihin harshe da ba za ta dawo ba.