SSH: yadda kwamfuta ke shiga sabar da ke nesa ba tare da mutum a gabanta ba

SSH hanya ce ta shiga wata kwamfuta da ke nesa a ba ta umarni, duk abin da ke wucewa tsakaninsu kuma a ɓoye yake, mai saurare a hanya ba ya iya karanta shi. Tatu Ylönen, wani mai bincike ɗan ƙasar Finlan, ya ƙirƙiro ta a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a rezon jami'arsu. OpenSSH, wadda aka fi aiki da ita yau, ta fito a 1999. Ƙofarta ta al'ada ita ce mai lamba 22.

A ce wani ofis a Agadas yana aika ajiyar bayanansa kowane dare zuwa sabar da ke Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900. Ba wanda zai kwana gaban allo, don haka sai a rubuta jerin umarni cikin fayil, cron ya tashe shi a kan lokaci. To, wa zai buga kalmar sirri? Wasu na rubuta ta cikin fayil ɗin, wanda daidai yake da barin mabuɗi a jikin ƙofa.

Abin da ya dace shi ne a yi mabuɗai biyu da umarnin ssh-keygen, nau'in ed25519. Na bayyane a sa shi cikin authorized_keys a sabar, na ɓoye kuwa ba ya barin kwamfutar ofis. Ana iya ƙayyade mabuɗin ga aiki guda tak, ko an sace shi ɓarnar ta yi sauƙi.

A karon farko SSH na ajiye shaidar sabar cikin known_hosts, in ta canja daga baya sai ya ƙi shiga. Masu gaggawa kan kashe wannan bincike da StrictHostKeyChecking=no. Ganganci ne, domin ta nan ɗan damfara ke shiga tsakani ya yi shigar sabar.

Sai batun yankewar rezo da ɗaukewar kuran, da mutanen Ayar suka sani sarai. BatchMode=yes na hana aikin tsayawa jiran amsar da ba mai bayarwa, ConnectTimeout na ƙayyade jira, ServerAliveInterval kuma na gano layin da ya mutu. Ga manyan fayiloli, rsync tare da --partial na ci gaba daga abin da ya riga ya isa. In haɗin bai yiwu ba, ssh na mayar da lamba 255. Jerin umarnin ya duba ta, ya sake gwadawa, in ya ƙi ya bar saƙo ga wanda zai buɗe ofis da safe.