Injin da aka hana shi nuna duk ƙarfinsa

Yaranmu sun haddace ƙarfin dokin motocin tsere kamar karatun allo, amma ban taɓa jin sun tambayi awa nawa inji yake ɗauka bai mutu ba. Tambayar nan ce ta wahalar da kamfanin Ford a tseren awa 24 na Le Mans, a Faransa. A 1964 da 1965 motocinsa GT40 akwai gudu, sai dai ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Ferrari ke lashewa.

A 1966 suka dawo da inji mai silinda takwas, lita 7, doki kusan 485. Asalinsa na manyan motocin Amurka ne, ga nauyi. Injiniyoyi suka ɗaure shi a ɗakin gwaji, na'ura tana kwaikwayon hanyar Le Mans har da canjin giya, ana neman ya jure awa 48, ninkin tseren ke nan. Direbobi kuma aka kafa musu iyaka, kada juyin inji ya wuce wajen 6200 a minti. Ni iyakar nan ta fi burge ni da dokin.

Ford ya ɗauki na ɗaya, na biyu da na uku. Cikin motoci takwas masu wannan inji, ukun nan kaɗai suka kai ƙarshe.