Baƙin Ƙyallen da Ya Kai Makaranta Gaban Kotun Ƙoli

Ranar Alhamis, 16 ga Disamba, 1965, wata yarinya 'yar shekara 13 mai suna Mary Beth Tinker ta shiga makarantar Warren Harding da ke birnin Des Moines a jihar Iowa ta Amurka, da wani baƙin ƙyalle ɗaure a damtsenta. Faɗin ƙyallen bai wuce inci biyu ba. Ta zauna darussan safe babu wanda ya tanka mata. Sai bayan abincin rana malamin lissafi ya tura ta ofis. Can aka ce ta kwance, yarinyar kuwa a tsorace take, ta kwance ta miƙa. Duk da haka aka ba ta takardar dakatarwa, aka ce ta nufi gida.

A wannan rana haka ta faru da Christopher Eckhardt, ɗan shekara 16, a sakandaren Theodore Roosevelt. Washegari yayan Mary Beth, John Tinker, ɗan shekara 15, ya ɗaura nasa ya tafi sakandaren North, shi ma aka sallamo shi. Ƙannensu biyu, Hope da Paul, sun je firamare da nasu ƙyallen amma ba a taɓa su ba. Ɗalibai biyar aka dakatar gaba ɗaya, a gundumar da ke da ɗalibai kusan 18,000.

Abin da ya sa yaran ɗaura ƙyallen shi ne yaƙin Biyetnam. Kafin ƙarshen shekarar sojojin Amurka a can sun haura 180,000, kuma a watan Nuwamba an yi ƙazamin gumurzu a kwarin Ia Drang, inda Amurkawa suka fara ganin gawarwakin 'ya'yansu da yawa a lokaci guda. Mahaifin su Mary Beth, Leonard Tinker, malamin cocin Methodist ne da ke aiki da wata ƙungiyar mabiya ɗariƙar Quaker masu ƙin yaƙi. A wani taro da aka yi a gidan su Eckhardt aka tsai da shawarar ɗaura baƙin ƙyalle, don makokin waɗanda suka mutu ta ɓangarorin biyu, da kuma goyon bayan kiran da Sanata Robert Kennedy ya yi na a tsagaita wuta lokacin Kirsimeti. Labari ya kai kunnen shugabannin makarantu. Ranar 14 ga Disamba suka zauna, suka kafa doka: duk ɗalibin da ya zo da ƙyalle a damtse za a ce ya cire, in ya ƙi a dakatar da shi.

Wannan kwanan wata shi ne mabuɗin labarin duka. Kwana biyu kafin yaran su fito aka yi dokar, kuma dominsu aka yi ta. Makarantun gwamnati na Des Moines ba su da yunifom a lokacin, kowa da abin da iyayensa suka saya masa yake zuwa. Ɗalibai na maƙala bajon 'yan takarar siyasa a riga ba a hana su ba. Har akwai masu rataya lambar gicciyen ƙarfe ta sojojin Jamus, wadda mutane da yawa ke dangantawa da 'yan Nazi, su ma ba a ce musu uffan ba. Cikin duk abin da yaro zai iya maƙalawa a jikinsa, baƙin ƙyallen nan kaɗai aka ware.

Adalci ne a faɗi hujjar malaman, domin ba mugaye ba ne. Wani tsohon ɗalibin ɗaya daga cikin sakandarorin ya mutu a Biyetnam, abokansa na nan suna karatu, ana tsoron rikici ya ɓarke. Duk wanda ya taɓa riƙe aji mai cike da samari ya san irin wannan fargaba, ya kuma san cewa rigakafi ya fi magani. A farkon Janairun 1966 hukumar makarantun birnin ta kaɗa ƙuri'a, biyar suka goyi bayan haramcin, biyu suka ƙi. Yaran suka koma makaranta bayan hutun sabuwar shekara babu ƙyalle, amma suka riƙa sa baƙaƙen tufafi har ƙarshen shekarar karatu, abin da dokar ba ta hana ba. A gida kuwa iyalin Tinker sun ɗanɗana kuɗarsu: an watsa wa gidansu jan fenti, an aiko musu da wasiƙun zagi ana ce musu 'yan gurguzu, an yi musu barazanar kisa ta wayar tarho.

Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta jihar Iowa ta ɗauki ƙarar, ta ba su wani matashin lauya, Dan Johnston. A 1966 alƙalin kotun tarayya Roy Stephenson ya ba makaranta gaskiya, yana ganin matakin nata bai saɓa wa hankali ba. A 1967 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta takwas ta rabu biyu, alƙalai huɗu nan, huɗu can, don haka hukuncin farko ya zauna daram. Sai Kotun Ƙoli. Ta saurari ƙarar ranar 12 ga Nuwamba, 1968, ta yanke hukunci ranar 24 ga Fabrairu, 1969: alƙalai bakwai suka ba yaran gaskiya, biyu suka ƙi.

Mai shari'a Abe Fortas ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Ma'anar abin da ya ce ita ce, ɗalibi da malami ba sa tuɓe 'yancinsu na faɗin albarkacin baki su ajiye a bakin ƙofar makaranta. In makaranta za ta hana ɗalibi bayyana ra'ayinsa, sai ta nuna cewa abin zai dagula karatu ƙwarai ko ya tauye haƙƙin sauran ɗalibai. Tsoron da ba a kafa shi a kan komai ba, ko ƙin jin ra'ayin da ba a so, bai isa hujja ba. Wannan ma'auni ba Fortas ne ya ƙirƙiro shi ba. Ya aro shi ne daga wata shari'a ta 1966, ta wasu ɗalibai baƙar fata a jihar Mississippi da aka kora saboda sun maƙala bajon neman 'yancin kaɗa ƙuri'a. Tarihi ya fi tunawa da sunan Tinker, amma yaran Mississippi ne suka share hanyar.

Mai shari'a Hugo Black, wanda ya haura shekara 80 a lokacin kuma aka san shi da kare 'yancin magana, shi ne ya fi kowa fusata. A ganinsa an aiko yaro makaranta ne don ya koya, ba don ya koyar ba, kuma hukuncin zai ƙwace ragamar makaranta daga hannun malamai ya miƙa wa ɗalibai da kotuna. Ni da na tashi a inda maganar malami ba ta faɗuwa ƙasa, na fahimci Black sarai, kuma ba na raina damuwarsa. Inda na rabu da shi shi ne batun lambar Jamus ɗin nan. Da makaranta ta hana kowane bajo da kowace alama tun farko, da maganarsa ta fi nauyi a wurina. Amma malamin da ya bar wannan ya hana wancan saboda saƙon da ke jiki, ya riga ya shiga muhawarar da kansa, ya kuma zaɓi ɓangare. Yara na gane irin wannan tun kafin manya su ankara.

Akwai wani wuri a hukuncin da ba a cika ambato ba, alhali shi ya tsara duk rigingimun da suka biyo baya. Fortas ya fayyace cewa wannan shari'a ba ta shafi tsawon siket, ko irin tufafi, ko askin kai ba. Ya bar wannan ƙofa a buɗe. Shekarun 1970 suka cika da ƙararrakin samari masu tara gashi, kotunan shiyyoyi suka yi ta saɓa wa juna, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sa baki.

Ta wannan ƙofa yunifom ya shigo. A Amurka an fi saninsa a makarantun Katolika da na kuɗi. A 1987 wata firamare ta gwamnati a unguwar Cherry Hill ta birnin Baltimore ta fara amfani da shi. A 1994 gundumar Long Beach a Kalifoniya ta zama babbar gundumar birni ta farko da ta wajabta shi a firamare da ƙananan sakandare, saboda matsalar 'yan daba da ake gane su ta launin tufafi, da kuma yaran da ake tarewa a ƙwace musu takalma ko riguna masu tsada. A jawabinsa ga majalisa a Janairun 1996, Shugaba Bill Clinton ya ce in yunifom zai hana matasa kashe juna a kan rigar yayi, to a bar makarantun gwamnati su wajabta shi. Ma'aikatar ilimi ta buga ɗan littafin jagora ta rarraba wa gundumomin makarantu. Long Beach ta ba da rahoton raguwar faɗace-faɗace sosai, sai dai ta kawo wasu gyare-gyare a lokaci guda, don haka da wuya a ce rigar ce kaɗai ta yi aikin. A 1998 masana halayyar al'umma David Brunsma da Kerry Rockquemore suka fitar da binciken da bai gano wani tasiri na kai tsaye ba a kan ɗabi'a ko zuwa makaranta. Duk da haka adadin makarantun gwamnati masu yunifom ya tashi daga kusan kashi 12 cikin 100 a shekarar 2000 zuwa kusan ɗaya cikin biyar kafin 2018, kuma sakandare ce ta fi turjewa.

Kotuna sun yarda da yunifom. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ta tabbatar da dokar gundumar Bossier a Louisiana, saboda ta hau kan kowa ba tare da duba ra'ayin kowa ba. Ni ma ina ganin alherin yunifom, ko da binciken bai nuna ya ƙara maki ba: ɗan mai kuɗi da ɗan talaka su shigo aji da riga iri ɗaya ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Matsalar tana tasowa ne idan doka ta taka addini. A 2003 wata makaranta a Muskogee ta jihar Oklahoma ta dakatar da wata yarinya Musulma 'yar shekara 11 saboda hijabi, a ƙarƙashin dokar hana rufe kai. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shiga ƙarar a bayan yarinyar, a 2004 gundumar ta sauya dokarta. Masu karatu a Najeriya za su tuna cewa irin wannan takaddama a makarantun gwamnatin jihar Legas sai da ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta halatta hijabin a watan Yunin 2022.

A 2006 gundumar Watson Chapel ta jihar Arkansas ta kafa dokar yunifom a sakandarenta. Wasu ɗalibai da iyayensu ba su so ba. A watan Oktoba ɗaliban suka zo makaranta sanye da yunifom ɗin, amma da baƙin ƙyalle ɗaure a hannu don nuna adawa da dokar. Aka hukunta su. A kotu gundumar ta amsa cewa ƙyallen bai dagula karatu ba, kuma saboda saƙon da ke jikinsa aka yi horon. Ƙarar ta je kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta takwas, wato kotun da ta rabu huɗu da huɗu a kan su Mary Beth a 1967. A watan Satumban 2008 ta ba ɗaliban gaskiya, ta kafa hujja da hukuncin Tinker. Dokar yunifom ta ci gaba da aiki, ɗaliban da suka kai ƙara kuma aka ba kowannensu diyyar dala ɗaya.